Lahadin da Baba Bai Amsa Ba

Lahadi, 5 ga Mayu 1907, da hantsi

Sau uku aka kira lamba ɗari biyu da sha huɗu, ba wanda ya amsa.

Ina tsaye a bakin ƙofar Ganuwa, kurkukun soja, tare da matan korarru da 'ya'yansu, inda muke tsayawa duk Lahadi mu jira a gama kira. Saje Valadares ya ɗago daga littafinsa ya dube ni, don ya san ni tun ina goye. Na dubi ƙafata. Saura kwana goma sha tara Baba ya cika shekara ashirin ɗin da alƙali ya yanke masa sa'ad da aka koro shi daga Fotugal zuwa tsibirin nan, kuma bai taɓa rasa kiran Lahadi ba. Ko shekarar da zazzaɓi ya kayar da shi, a kan ƙyaure aka ɗauko shi ya amsa lambarsa.

Ba wani abu ba ne. Za su yi masa faɗa, su ja jan layi a ɗan littafinsa na hatimi, su jinkirta takardar sallamarsa. Haka aka yi wa mijin maƙwabciyarmu Zainabo bara da ya sha ya yi barci, wata biyu aka ƙara masa, har yana dariya. Wata biyu ba sa kashe mutum. Jirgin ruwan Lisbon kuwa ran ashirin da takwas ga wata zai tashi, ba ya jiran kowa.

Na sayi gurasa a hanya, na kasa ci.

Lahadi, bayan la'asar

Bai iso ba. Mama ta ɗumama shinkafar kwakwa sau biyu, sannan ta tafi bakin ruwa ta tsaya tana kallon Ƙetare, wato ƙasar da ke tsallaken ruwa. A can Baba yake kwana duk mako yana toya farar ƙasa a matoyar Dona Eulália, wadda ta tsaya masa aka bar shi ya zauna a wajen Ganuwa. Ran Asabar Kawu Amisse, wan Mama, yakan je da jirginsa ya ɗauko shi. Jiya bai je ba.

Ni nake kai wa Kawu saƙo duk Juma'a. Wannan ba zan rubuta shi yanzu ba.

Iska ce. Iskar kudu ta yi ƙarfi jiya, kowa ya gani.

Litinin, 6 ga Mayu, gab da magariba

Sun kawo shi a jirgin soja, hannu ɗaure ta baya.

Ban gani da idona ba, Zainabo ce ta shigo a guje ta faɗa wa Mama. Wai da ya jira Kawu har ruwa ya janye, sai ya kama bakin teku da ƙafa yana neman wani jirgi. Ya wuce ƙauye biyu bai samu ba, ya ci gaba. A hanyar garin Mossuril 'yan sintiri suka tare shi, tafiyar sa'a uku daga matoyar. Takardarsa kuwa matoyar kawai ta rubuta, daga ramin wuta zuwa bakin ruwa.

Mun je Ganuwa. Saje ya fito yana goge wuya da hankici, bai yarda ya haɗa ido da Mama ba. Ya ce: "Atija, wannan ba makara ba ce. A littafi sunansa gudu."

Mama ta ce wane mahaukaci ne zai gudu saura kwana goma sha takwas. Saje ya ce shi ma haka ya gaya wa Kwamanda, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Za a zauna ran Talata, ashirin da ɗaya ga wata. In aka ce gudu ne, za a ƙara masa shekaru, a tura shi barikin cikin daji yin hanya. Duk mun san mutum nawa suka tafi can da farko, mun kuma san nawa suka dawo.

Ba haka aka yi wa mijin Zainabo ba. Ashe shi a kan tsibiri ya yi barcinsa. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa da ruwa a tsakani abin yakan canza suna.

Talata, 7 ga Mayu, da azahar

Mama da Kawu sun yi ta a tsakar gida, maƙwabta na leƙe ta cikin danga. Ni ina goga kwakwa, na goge har da yatsana.

Mama ta ce shekara tara yana ɗauko mutumin nan, ruwa da iska, sai yanzu? Kawu ya ce ya manta.

"Ka manta? Kai da ba ka manta wanda ya taka maka taru tun muna yara ba?"

"To tsufa ne, Atija."

"Tsufa a ina? Jiya-jiya aka gan ka kana yi wa bazawarar gidan gishiri fari da ido."

Da wata rana ce da an yi dariya. Ta ce dama bai taɓa son Baba ba, tun farko shi ya ce an rasa mijin aure sai mai lamba. Ya ce har gobe yana nan a kan bakansa. Ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, kamar yadda yake duban sama kafin ya saki jirgi. Sannan ya fita.

Laraba, da safe

Kawu bai faɗa ba. Me yake jira?

Alhamis, 9 ga Mayu, da yamma

Na je gidan Dona Eulália a garin dutse, unguwar masu gidajen dutse, kamar kowace Alhamis, in karanta mata, tunda idonta ya yi rauni. Da ma ita ke ara mini littattafai. Yau ba ta so karatu ba, magana take so.

Ta ce wani ne ya shirya wa Anacleto wannan. Haka take kiran Baba da sunansa, ita kaɗai a tsibirin nan ban da Mama. Ta fara lissafa mutane tana kaɗa mafici: ko tsohon Brás da suke aiki tare, wanda saura masa shekara shida yana jin haushi, ko mai matoyar gefe da ke son ta rasa gwaninta. Sai ta tsayar da maficin ta ce: "Ko uwarki. Kada ki ɓata rai, 'yar nan. Da ni ce ita, da gatari zan sa in fasa jirgin wan nawa, in ce ƙaddara ce."

Na ce Mama ba za ta yi haka ba. Muryata ta fito ƙarama.

Sai ta tambaye ni ko na gama littafin nan mai koren bango. Wato wanda yarinyar ta kwance dokin kyaftin ta kore shi cikin daji don kada ya riski rundunarsa, shi kuwa da gari ya waye ya durƙusa ya sumbaci hannunta, ya ce ta cece shi daga kansa. Sau huɗu na karanta wurin. Na ce na gama. Ta ce: "Marubucin bai taɓa shiga soja ba. Da harbe kyaftin ɗin za a yi."

Don me ta kawo wannan littafin, duk littattafan da ke gidanta? Idonta ba ya gani, amma inda nake ta juyo da fuska daidai.

Na mayar mata da shi. Ban ari wani ba.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Bari in rubuta zancen kwat ɗin, don in wata rana wani ya karanta ya san ba haka kawai ba ne.

A watan Maris ina neman zaren Mama a ƙarƙashin gado na ja wani akwati da ban sani ba. A ciki akwai kwat na ulu, baƙi, mai nauyi, ɗinkin telan Indiya na bayan kasuwa, ko zaren awo ba a gama cirewa ba. Wa ke sa ulu a nan, inda ko kare ke neman inuwa? Na laluba har ƙasa. Kwat ɗaya ne. Babu na mace, babu na yarinya.

Kowa ya san korarren da ya gama ana ba shi wuri a jirgin farko da ya tashi bayan sallamarsa, shi kaɗai. Wasu kan yaga takardar su zauna. Wasu kan ce za su je su dawo. A unguwarmu akwai gida huɗu da ake jiran masu dawowa, ɗaya tun kafin a haife ni.

Tun Maris nake sauraron Baba. Ya fara yawan zancen garinsu, da kogin da ke daskarewa, da wata gada da ya ce ba a san wanda ya gina ba. Yakan yi shiru a tsakiyar cin abinci. Kullum ina cewa yau zai faɗa mana. Da ni ce irin 'yan matan littafi da na tsaya a gabansa na tambaye shi, idona na walƙiya. Ni kuwa ko gishiri nake so a miƙo mini sai na yi ta shiri a zuci.

Lahadi, 12 ga Mayu, da hantsi

Yau ya amsa. Daga ciki.

Sun aske masa kai, sun sa masa rigar buhu da ya rabu da ita tun ban yi wayo ba. Bayan kira aka fito da su ɗibar ruwa a babban tanki, biyu-biyu, sarƙa a ƙafa, ganga a kan sanda. Ban san wuyansa ya yi sirara haka ba. Ya wuce ta gabanmu, ya dubi Mama sau ɗaya ya kau da kai.

Mama ta ba Saje kwano, rogo da kifi da miyar ganye yadda yake so. Can sai ga Saje ya dawo da shi a rufe. Ya yi ta kame-kame, sannan ya faɗa: wai Baba ya ce ba ya cin abin da ya fito daga hannun gidan Amisse. In za a kawo masa abinci, Linda ta dafa, Linda ta kawo, wato ni.

Mama ta karɓi kwanon. A hanya ta ba wa wata tsohuwa, har da kwanon.

Ni kaɗai ya yarda da ni. Ni kaɗai.

Litinin, da azahar

Na dafa, na kai. Ya cinye tas. Ta tsakanin ƙarafan ƙofa ya taɓa kumatuna ya ce: "Malamata, ki buɗe kunne a gida. Duk abin da kika ji uwarki da wanta suna faɗa, ki kawo mini." Na ce to.

Laraba, 15 ga Mayu, da la'asar

Sojoji sun je bakin ruwa sun kwance zanen jirgin Kawu, wanda iska ke bugawa ta tura jirgin, sun tafi da shi. Wani ya gaya musu cewa ran Asabar ɗin an ga jirginsa wajen Mossuril. Gaskiya ne, itacen gini ya je ɗauka tunda ba shi da aikin ɗauko Baba. Amma su sun haɗa: ga korarre yana tafiya Mossuril, ga surukinsa yana jira a Mossuril. Wai da sun haɗu da sun yi arewa.

Wa ya faɗa? Zainabo ta daina shigowa gidanmu, amma kullum tana bakin danga tana shanya zanen da ya riga ya bushe. A wurin ɗibar ruwa mata sukan yi shiru in na iso. Mai gurasa ya ce mini "sannu da ƙoƙari," ban san me yake nufi ba. Har limamin coci da ya gaishe ni sai na ga kamar ya daɗe yana riƙe da hannuna.

Ko dai ba wanda ya san komai, ni ce kawai.

Juma'a, 17 ga Mayu, da yamma

Na sami Kawu zaune a inuwar jirginsa yana ɗinkin taru. Ba zane, jirgin sai ka ce kazar da aka fige. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na daɗe a wurin ina tona yashi da yatsa.

Shi ya fara. Ya ce ba zai tambaye ni dalili ba, ya san dalili, ya ga telan Indiya yana awon kafaɗar Baba tun kafin ni in ga komai. Na ce me ya sa bai faɗa wa Mama ba. Ya ce: "Ke ɗiyar ƙanwata ce. A wurinmu ke tawa ce, fiye da yadda kike ta ubanki. In na kai ki gaban soja da bakina, da wace fuska zan shiga unguwa?"

Na ce to jirginsa fa. Ya ce zane ne, ana ɗinka wani.

Sai ya ajiye allurar ya dube ni. "Amma ki ji da kyau, Linda. Ubanki ba jinina ba ne. In sun kai shi daji ran Talata, ni abincina zan ci in yi barci. Ke ce ban sani ba."

To ga shi, zan rubuta.

Ran Juma'a, uku ga wata, a nan gindin jirgin, na ce wa Kawu: Baba ya aiko, ya ce gobe kada ka wahala, zai biyo jirgin farar ƙasa na Dona Eulália. Babu wani jirgin farar ƙasa ran Asabar. Baba bai aiko da komai ba. Tun daga gida nake maimaitawa don kada muryata ta yi rawa, kuma ba ta yi ba. A hanyar komawa har tsalle na yi.

Na rubuta. Ban ji sauƙi ba.

Asabar, da hantsi

Mama ta zaunar da ni ta niƙa musiro, itacen gyaran fata, a kan dutse tana shafa mini a fuska, ta ce na yi baƙi kamar gindin tukunya, wa zai dube ni haka. Hannunta sanyi. Na buɗe baki in faɗa, sai ta ce in rufe, zai tsage.

Tana shafawa tana magana kamar da kanta. Ta ce Baba yana tsammanin ita ce. Ta ce ita da ta ƙara wa kwat ɗin maɓalli da hannunta, ta mayar cikin akwati yadda ta same shi, don telan ya sa masu karyewa. Na zaro ido. Ta ce: "To me? Mutum ya shekara ashirin yana ƙirga Lahadi, kina tsammani don ya zauna yana kallon fuskata ne? Ni ba na ɗaure namiji. Wanda aka ɗaure ba zama yake yi ba, jira yake."

Ta tsaya da yatsanta a goshina ta ce wanda ya yi wannan abu, ko wane ne, bai san Ganuwa ba. Ta ce yaro ne ko wawa.

Ta sani? In ta sani me ya hana ta mare ni? Musiron ya bushe ya ɗaure mini fuska, na gode masa.

Lahadi, 19 ga Mayu, da azahar

Baba ya tambaye ni me na ji a gida. Na ce ban ji komai ba. Ya ce: "Sun iya ɓoyewa." Tari yake yi.

Litinin, 20 ga Mayu, da la'asar

Na gwada a bayan ɗaki, gaban tulu. A littafi yarinya takan faɗi a ƙafar alƙali, gashinta ya warware, kowa ya yi kuka, wani lokaci ma ta suma a ɗauke ta kafin ta kai wurin mai wuya. Na gwada faɗuwa, na buge gwiwa. Gashina ba ya warwarewa.

In na yi shiru, har abada ni ce Malamarsa, yana can daji yana tuna ni da alheri har zazzaɓi ya gama da shi. In na faɗa, zai rayu ya san ni.

Na wanke farar rigata.

Talata, 21 ga Mayu, da yamma

Ban gaya wa kowa ba na fita. A ƙofar Ganuwa na ce wa Saje ina da magana a kan lamba ɗari biyu da sha huɗu. Ya ce: "Ashe kina da baki? Shekara goma sha biyar ina tsammani a gida kike barinsa." Da ya ga fuskata ya daina wasa, ya shige da ni.

Ɗakin ƙarami ne, yana warin laima da taba. Kwamanda na zaune, zazzaɓi ya mai da shi rawaya, yana ta gumi. Baba na tsaye a gefe da sarƙarsa. Dona Eulália na kan kujera, ta zo a keken ja don ta yi masa shaida. Kawu na waje a rana, ba a kira shi ba tukuna.

Na faɗa. Ban faɗi ƙasa ba, ban suma ba. Na dubi ƙafar tebur na faɗa, aka ce in ɗaga murya, na sake faɗa.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne ba za a yarda ba. Kwamanda ya ce wa ya koya mini. Na ce ba kowa. Ya ce uwata ce ko matar nan, ya nuna Dona. Ya ce duk wata sai an kawo masa 'ya ko mata da labarin da zai wanke mutum, nawa ma bai kai wasu daɗi ba. Kwana goma sha shida ina tsoron a gane, yau ina roƙo a gane.

Saje ne ya ce a rubuta kalmomin da na ce na faɗa, a fitar da ni, a shigo da mai jirgi a tambaye shi. Aka yi haka. A ƙofa muka yi kiciɓis da Kawu. Na ce masa da harshen Mama: na riga na faɗa, Kawu, kada ka rufa mini. Ya yi tsaki ya ce: "'Yar banza mai taurin kai," ya shiga.

Da aka mai da ni, takardu biyu na gaban Kwamanda, yana duban wannan yana duban wancan. Har "kada ka wahala" Kawu bai manta ba.

Sai Kwamanda ya ce saura abu ɗaya. Don me?

Na so a ce ƙasa ta buɗe. Na ce: "Don kada ya shiga jirgi ya bar mu."

Ba wanda ya yi kuka. Dona ta buɗe maficinta ta rufe. Baba bai juyo ba, bayan wuyansa kawai nake gani.

Hukunci: ba gudu ba ne, ƙetare iyakar takarda ne. Kwana casa'in a cikin Ganuwa, sannan sallama. A mayar wa Kawu zanensa. Ni kuwa Kwamanda ya ce doka ba ta san inda za ta ajiye ni ba, a kai ni wurin uwata. Aka wuce da Baba ta gabana, sarƙar na jan ƙasa. Bai dube ni ba.

Laraba, da safe

Mama ba ta doke ni ba. Ta ce: "Kwana tara yana ƙin abincina saboda ke." Ta miƙo mini tukunya. Tun jiya iyakar abin da ta ce ke nan.

Alhamis, da azahar

Na kai. Saje ya karɓa ya shiga da shi, kwano ya dawo wayam. Baba bai fito ƙofa ba.

Asabar, da azahar

Bai fito ba. Amma ya aiko a ce wa Mama ta yi haƙuri, a ce wa Amisse ma. Kawu ya ce a gaya masa ya riƙe haƙurinsa, nauyi zai ƙara wa jirgi.

Talata, 28 ga Mayu, da la'asar

Jirgin Lisbon ya kwana biyu a tsaye, yau tun safe ƙananan jirage ke kai masa kaya da mutane. Na bi ta bayan kasuwa don kada in gan shi, amma daga ƙofar Ganuwa ba abin da ake gani sai shi.

Yau Baba ya fito. Ya karɓi kwanon ta tsakanin ƙarafa, ya zauna a ƙasa ta ciki, ni na tsuguna ta waje. Ya fara ci. Bai ce Malamata ba. Saje ya matsa can nesa yana duban takalminsa.

Ban shirya ba, fitowa kawai ta yi. Na ce: "Baba, da za ka tafi?"

Ya ce: "Da na tafi."

Na ce da zai dawo?

Ya daɗe yana cire ƙaya daga kifi. Ya ce bai sani ba. Ya ce shi ya sa bai faɗa mana ba, don ba ya son ya yi mana ƙarya, gaskiyar kuma ba ta da kai. Ya ce yana da shekara ashirin da huɗu aka sa shi a jirgi, ko gaisuwa bai yi da kowa ba, tun ran nan yake ganin kamar ya bar tukunya a kan wuta. Wataƙila in ya je ya tarar ba tukunya ba gida. Amma da ya so ya gani da idonsa.

Na ce akwai wani jirgin bayan sallamarsa, a watan Satumba.

"Akwai."

"Za ka shiga?"

Sai a lokacin ya dube ni, karo na farko tun ɗakin Kwamanda. Ya kira ni da cikakken sunana ya ce: "Ina da kwana tamanin da uku da zan yi tunani. Ke kika ba ni su, Ermelinda. Ki bar ni in yi abina da su."

Jirgin ya yi kukan tashi, mai tsawo, har cikin haƙori. Baba bai juya ba, amma ya daina tauna, loma na bakinsa, har sai da kukan ya mutu a kan ruwa. Sannan ya haɗiye, ya suɗe yatsunsa, ya miƙo mini kwanon. Ya ce gobe in rage gishiri.